Baƙar mota da ƙurar hunturu: ana iya cire zanen fenti da hannu?

Ɗan Gagarawa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masana. Akwai baƙar Corolla 'yar Kwatano da na saya bayan girbi. In tana inuwa sai ka rantse jiya ta fito daga kamfani, amma da rana ta doke ta sai wasu siraran zane su bayyana a bonet da ƙofofi, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Kuma ko an gama wanke ta, in na shafa rufin sai in ji kaushi. Na ga ana amfani da wani abu wai shi kileba, wata 'yar sanda mai laushi da ake gogawa a jikin fenti, a bi da folish. Ba ni da injin goge fenti, ko ina da shi ma wuta ba ta zama a garinmu. Da hannu zai yiwu? Da me ake farawa?

Baba Mai Sharon: Wa alaikumus salam. Yaro, wa ya aike ka sayen baƙar mota kana zaune a Gagarawa? Mu da muke lodin Maigatari duk Alhamis, inji da giya da ƙafa muke dubawa. Fenti bai taɓa kai fasinja gida ba. Kuɗin da za ka zuba a wannan kileban ka sayi baƙin mai mai kyau da shi.

Malamin Kimiyya: Baba, Allah ya ƙara girma, kana da gaskiya cewa baƙi ba ya rufa asiri. Amma zanen nan yana jikin farar mota ma, ido ne kawai ba ya kama shi. Ɗan Gagarawa, kafin ka kashe ko sisi, gaya mana yadda ake share motar da safe.

Ɗan Gagarawa: Ƙanena ne yake kaɗe ta da tsumma kullum kafin in fita. Ranar Juma'a kuma a wanke ta da omo da soso.

Malamin Kimiyya: To ga mai laifin nan, tsumman safe. Hazon da yake rufe mu daga Nuwamba zuwa wajen Maris, da yawansa iska ce take ɗauko shi daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ya zo ya haɗu da rairayin hanyoyinmu. A cikin rairayi akwai ma'adinin kwaz. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana kan 7, gilashin taga kuwa wajen 5 da rabi yake. Abin da zai iya karce gilashi, ina ga fenti? Duk safiyar da aka ɗora busasshen tsumma a kan wannan ƙurar aka ja, an ƙara zane ke nan.

Kuma zanen ba zagayayye ba ne a zahiri. Gajerun layuka ne da suka nufi kowane ɓangare, sai dai waɗanda suke maido da haske cikin idonka su kaɗai kake gani, shi ya sa suke yi wa rana zobe. Da daddare ka haska tocilar waya a ƙofa ka riƙa matsar da ita, za ka ga zoben yana bin hasken.

Oga Mai Fenti Haɗeja: Malam ya gama magana a kan sababi, bari in ɗora da abin da hannuna ya sani. Fentin motocin yanzu hawa-hawa ne: furaima a ƙasa, kala a tsakiya, kiliya a sama. Kiliya ba ta da launi, ita ce take ba da sheƙi, ita ce kuma take tare rana. Duka fentin kamfani yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150, kiliyar ita kaɗai 40 zuwa 50. Milimita ɗaya fa maikiron 1,000 ce, sai ka auna da kanka. Zanen da kake gani a cikin wannan 'yar kiliyar yake, kuma folish ba cike shi yake yi ba, kankare kiliyar da ke gefensa yake har su daidaita. Wadda ka kankare ta tafi ke nan, ba ta tofowa.

Don haka kafin komai ka yi gwaji. Ka ja farce a hankali a kan zanen da ya fi girma. In farcen ya maƙale, ya yi zurfi, wannan aikinmu ne ba na hannu ba. Sannan ka ɗiga folish a farin ƙyalle ka goga a wani lungu, misali ƙasan ƙofar baya. In ƙyallen ya ɗauko baƙi, wurin ba kiliya, fentinsa mai hawa ɗaya ne irin na da, wataƙila an taɓa fesa masa. Motocin Kwatano da yawa an taɓa wa wata ƙofar ko bamba, mai saye bai sani ba. In kuma rufin ya fara yin fari-fari yana ɓarewa, kada ka wahalar da kanka, kiliyar ta mutu.

Ɗan Gagarawa: Na gode Oga. Na fita na gwada yanzu. Farce bai kama ba sai a wuri ɗaya kusa da murfin tanki. Rufin lafiya ƙalau. Folish ne ba ni da shi tukuna.

Auta Mai Wanki Wudil: Ni dai ina karantawa ina jira a zo kanmu, don na san ƙarshenta mu masu wanki za a ɗora wa. Iyayena, ku zo bakin gada ranar Juma'a ku gani. Mota a jere, kowa yana sauri zai shiga kasuwa. In mutum bai ga kumfa ta tashi ba cewa zai yi ba ka wanke ba, shi ya sa muke sa omo. Ruwa saye muke yi jarka-jarka wajen 'yan garuwa. Abin da ake ba mu kuma, ko sabulun motar ba zai saya ba. Wani ma da bakinsa zai ce a ɗiga gas a ruwan ɗauraya don ta yi ƙyalli.

Maman Hanifa: Innalillahi, gas kuma? A jikin fenti?

Auta Mai Wanki Wudil: Wallahi Hajiya. Kuma tana ƙyallin, sai dai kafin a kai Gaya ta kwashi ƙurar duniya.

Malamin Kimiyya: Auta, ba wanda ya ce laifinku ne ku kaɗai. Omo don tufafi aka yi shi, aikinsa cire maiƙo, shi ya sa yake wanke kakin da aka shafa wa mota, robobin gefen gilashi kuma su riƙa yin fari. Amma omo ba ya zane. Abin da yake zane shi ne soson da aka wanke taya da shi aka hau bonet, da tsumman da ya faɗi ƙasa aka kaɗe aka ci gaba, da bokiti ɗaya da yashi ya kwanta a gindinsa ana ta tsomawa. Gyaran wannan kuwa bai fi ƙarin bokiti ɗaya ba. Ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Ka wanke ƙofa, ka ɗauraye ƙyallen a na zalla, ka matse, sannan ka koma na sabulu. Kada ƙyallen ya taɓa gindin bokiti.

Auta Mai Wanki Wudil: Malam, bokiti biyu ai ruwa biyu ne.

Maman Hanifa: Ba kamar yadda kake zato ba, ƙanena. Ni a Dambatta nake, aikina a wani ƙaramin asibiti na ƙauye, hanyar ba kwalta. Jarka ɗaya mai lita 25 tana isar mana Vibe ɗita in ba laka. Buta muke cikawa a fara zuba ruwa daga rufi zuwa ƙasa, ba a taɓa jikin da komai sai ƙurar ta gangara. Sai a wanke daga sama, ƙasan ƙofofi a ƙarshe, taya kuma da nata tsumman daban. Tawul ɗin maikurofaiba, mai laushin nan da yake shan ruwa, nake tsanewa da shi, ɗorawa nake ya tsotse, ba dirza ba.

Maganar kileba kuma, Ɗan Gagarawa, na yi amfani da ita, bari in gaya maka yadda take, kamar curin yumɓu take. Bayan ka wanke ka tsane, ka sa hannunka a farar leda mara kauri ka shafa bonet. Za ka ji tsakuwa-tsakuwa ƙanana da hannu tsirara ba ya ji. Su ne za ta cire: ɗigon kwalta, feshin fenti, ƙurar birki, da abin da bishiya take zubowa ya bushe. Tawa a ƙarƙashin mangwaro take kwana, rufin duk darɓa.

Ka yanka sandar gida uku ko huɗu, ka ɗauki ɗaya ka murza a hannu ta yi laushi, ka baje ta ta rufe yatsu uku. Ka sa sabulun mota da ruwa a robar feshi, ka jiƙa wurin da bai fi tafi biyu ba sharkaf. Sai ka riƙa tura ta gaba da baya, ba dannawa. Da farko za ka ji tana ƙara shuu-shuu tana ɗan cijewa, can sai ƙarar ta ɗauke ta fara sulɓi. Wurin ya yi ke nan. Ka juyo ta ka duba, za ka ga ta yi ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi. Ka ninke dattin ya shige ciki, ka sake bajewa. In wurin ya bushe tana kai, mannewa take ta bar tabo, don haka kada ka yi rowar ruwa.

Baba Mai Sharon: Au, wai yumɓu ne ashe? To ku zo fadamar Haɗeja ku ɗiba kyauta.

Oga Mai Fenti Haɗeja: Baba, ranka ya daɗe, kada wani yaro ya ɗauka da gaske. Na fadama cike yake da yashi, shafa ɗaya zai kawo min mota gareji. Wannan haɗin roba ne da wani gari mai laushi ƙwarai, daga Japan aka faro shi. Shi ya sa Hajiya ta ce a yanka: gutsuren da ya faɗi ƙasa an yar da shi ke nan, ba wankewa ba kankarewa, don yashin ya riga ya shige ciki. Kuma akwai mai laushi, akwai matsakaiciya, akwai mai ƙarfi. Ɗan koyo a kan baƙar mota mai laushi zai nema. Kada ka bi launi, kowane kamfani da nasa, ka karanta kwalin.

Abin da nake so kowa ya riƙe: kileba ba ta cire zane ko ɗaya. Kaushi take cirewa. A baƙin fenti ma takan bar ɗan dusashe, sai folish ya share. In kwalta ce manya-manya a ƙasan ƙofa, ka fara jiƙa ta da ɗan kananzir a ƙyalle ta narke, ka wanke wurin da sabulu nan take, sannan kileba ta bi saura.

Maman Hanifa: Na manta, da sanyin safiya takan yi tauri, ka tsoma ta a ruwan ɗumi. Da zafin Afrilu kuma narkewa take a hannu, kada ka bar ta cikin mota.

Alhaji Dillali: Kuna ta tsawaita abu. Mu in mota za ta shiga kasuwa, samfefa mai lamba 2000 da ruwa, a bi da kamfawun, wato man gogewa mai ci da ƙarfi, a shafe da man da yake rufe zane. Kafin la'asar ta zama amarya.

Oga Mai Fenti Haɗeja: Alhaji, da girmanka, wannan ba shawarar da za a ba mai hannu ba ce. Samfefa 2000 tana barin dusashen da sai inji yake fitarwa. Wanda bai saba ba kuma, a kan kaifin bonet ko gefen ƙofa inda fenti ya fi siranta, kafin ya ankara ya huda kiliya ya ga kala a ƙyalle. Daga nan sai feshi.

Malamin Kimiyya: Man rufe zanen nan ma akwai magana. Shiga yake cikin ramin ya cike shi, haske ya daina karyewa, ido ya ga sumul. Wanki kaɗan zai fita, zanen ya dawo yadda yake. In mutum ya shafa wa tasa don jin daɗinsa, ba laifi, hasali ma ga mai tsoron cin kiliya dabara ce. Amma a shafa a sayar wa wani bai sani ba, Alhaji, wannan ba algus ba ne?

Alhaji Dillali: Malam, kwalliya ce. Wanda zai kai saniya kara ma ai sai ya wanke ta. Ban ɓoye bugu ba, ban ɓoye inji ba.

Malamin Kimiyya: Wanke saniya ba ya ɓoye ciwo.

Alhaji Dillali: Zanen tsumma ne ciwo? Wace mota ce a Jigawa ba ta da shi?

Shugaban Zaure: Alhaji, Malam, a kai wannan wa malaman fiƙihu. Yaro ya tambayi yadda ake folish da hannu, har yanzu ba a gaya masa ba.

Oga Mai Fenti Haɗeja: To bismillah. Ka samu folish mai ɗan ci kaɗan, da soson shafawa mai laushi irin zagayayyen nan, da tawul maikurofaiba masu tsabta. Ka fara da mara ƙarfi, in bai yi ba ka hau kamfawun, ba a farawa daga sama. Ka manna salatif ɗin takarda a tsakiyar murfin but ya raba wuri biyu, ka yi aiki a gefe ɗaya kawai, faɗin kamar santimita 30 ko 40. Ɗigo uku ko huɗu a soso ya isa. Ka danna daidai gwargwado da tafin yatsu, ba da kan yatsa ba, don kan yatsa yana barin sawu. Ka yi gaba da baya, ka sake yi a gicciye, har man ya fara zama garai. Ka goge kafin ya bushe. Ka cire salatif ka haska tocila a kan layin. In ka ga bambanci, haka za ka bi motar. In ba ka gani ba bayan ka maimaita, ka tsaya ka yi tunani kafin ka ɓata kwana a kai.

Sa'arka ɗaya, fentin motocin Japan yawanci ya fi na Jamus laushi. Shi ya sa yake saurin zane, shi ya sa kuma hannu yake iya cin sa. Mai Golf ko Marsandi zai goga har kafaɗa ta sage bai ga abin kirki ba. Ka nisanci baƙar robar bamba da ta gefen madubi, folish yana bar musu farin tabo mai wuyar fita.

Gaskiyar da zan gaya maka, hannu ba zai share zanen nan duka ba. Zai rage ƙanana, baƙin ya ƙara zurfi, masu ɗan zurfi su saura. Kuma kada ka ce a yini ɗaya za ka gama. Bonet yau, ƙofa gobe.

Malamin Kimiyya: In kana son sanin cirewa ka yi ko rufewa, ka surka sifirit na kemis da ruwa sosai, ka goge wurin gwajin da shi. Zai ɗauke maiƙon folish. Abin da ka gani bayan nan shi ne gaskiyar fentin.

Ɗan Gagarawa: Allah ya saka da alheri. Wani abokina ya ce man goge baki yana yi, wani kuma ya ce man birki.

Oga Mai Fenti Haɗeja: Man goge baki a bar wa haƙori, ɗan abin da yake yi bai kai wahalarsa ba. Man birki kuwa cin fenti yake, ko ɗiga ya yi a fenda wajen bakanike ka zuba ruwa maza. Ka gaya wa abokin nan naka ya daina ba da fatawa.

Baba Mai Sharon: To na ji duk wannan. Ya gama gogewa, ya fito, babbar mota ta wuce shi a hanyar burji ta bule shi da ƙura. Sai me?

Maman Hanifa: Sai ya bar ta da ƙurarta, Baba, har ranar da ya samu ruwa. Ƙurar da take kwance ba ta zane sai an ja ta. Gilashi kawai zai ɗauraye da buta don ya ga hanya. Maigidana da farko kunya yake ji mu fita da mota buɗu-buɗu, yanzu shi yake hana yara rubuta suna a jikinta da yatsa.

Kuma bayan folish dole a shafa kaki, don kileba da folish sun kwashe duk wanda yake kai. Siriri ake shafawa, a bari ya yi hazo, a goge. Da kaki a jiki ƙura ba ta kamawa sosai, ruwan buta kaɗai yana tafiya da yawancinta.

Malamin Kimiyya: Kakin gwangwani da aka fi sani, kanoba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samun sa a arewa maso gabashin Brazil. Yana da kyau a ido, amma a ranarmu da take haura digiri 40 a bazara, jikin baƙar mota kuma ya fi haka zafi nesa, ba ya daɗewa. Na haɗin kamfani ya fi jurewa. Wanda duk ka samu, in ka ga ruwa ya daina dunƙulewa a bonet, lokacin sakewa ya yi.

Auta Mai Wanki Wudil: Rigar mota fa? Ba ta fi duk wannan sauƙi ba?

Oga Mai Fenti Haɗeja: In a kan wankakkiyar mota ce, to. Amma ka dawo da ƙura ka lulluɓa mata tamfol, iskar dare ta yi ta kaɗa shi, da safe ka duba kusurwoyin rufi ka ga aiki. Rumfar kara ko ta kwano ta fi. Bishiya kuma a kula da wadda balbela ko jemage suke kwana, kashinsu yana cin kiliya in rana ta gasa shi. Ka jiƙa ƙyalle ka ɗora a kai ya yi laushi, ka ɗauke, kada ka kankare.

Ɗan Gagarawa: Saura abu ɗaya. Ruwan rijiyarmu yana da ɗan zartsi, in ya bushe yana barin farin ɗigo. Kuma in fara yanzu ko in jira hazo ya wuce?

Malamin Kimiyya: Gishirin da ke cikin ruwan ne yake saura in ya bushe. Ka yi wanki a inuwa, jiki da sanyi, ka tsane kowane ɓangare kafin ya bushe da kansa. Ɗigon da ya riga ya kama, ruwan khal (binega) rabi ruwa rabi yana narkar da shi, ka ɗauraye bayan nan. In damina ta zo ka tari ruwan sama ka bari ya kwanta, ba abin da ya kai shi.

Oga Mai Fenti Haɗeja: Tsumman safe ka hana daga gobe, wannan ba ya jira. Kaki ma ka shafa yanzu. Folish kuwa, in ba ka da zaure ko shago da mota za ta shiga, ka jira, don ƙura tana sauka a kan man kana gogawa, ka koma gidan jiya. In akwai wurin, ka yayyafa ruwa a ƙasa ka yi da sassafe kafin iska ta tashi. Wancan zanen na kusa da tanki ka turo min hotonsa da rana in gani.

Auta Mai Wanki Wudil: Oga, in na sayi kayan nan na ware wanki na musamman da kuɗinsa daban, kana ganin za a samu masu biya?

Alhaji Dillali: Ni zan biya, in ka iya. Motoci biyu gare ni a ƙasa yanzu.

Baba Mai Sharon: Ni dai tawa a ci gaba da omo.

Ɗan Gagarawa: Auta, sanda ɗaya ta yi min yawa tunda yankawa ake. Jibi zan shiga Kano, zan tambaya wajen masu kayan fentin mota a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, in babu mu yi oda ta intanet mu raba. Hajiya, tawul nawa zan saya?

Maman Hanifa: Ka sayi launi daban-daban don kada su cakuɗe, na tsanewa, na folish, na kaki. Ka yanke 'yar takardar da ke ɗinke a gefensu kafin ka fara, ita ma tana zane. Kuma ka ɓoye su, in ba haka ba za ka tarar an goge fitilar babur da su.